Me ya sa zakarun dambe ke jan ƙafa kafin su kara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsoro ne ke hana manyan 'yan dambe haɗuwa. Ni dai a ganina kuɗi ne kan gaba. Kowa da mai shirya masa wasa da tashar talabijin ɗinsa, kuma ba mai son a doke hajarsa da wuri. Dubi Mayweather da Pacquiao: tun 2009 ake ciniki, rigimar gwajin jini don gano ƙwayoyin ƙara kuzari ta wargaza maganar, sai a 2015 suka kara a Las Vegas, ƙarfinsu ya fara ja baya. Wallahi abin ya ƙona min rai.

Cika baki gaban 'yan jarida kuwa, rabi talla ne, rabi neman karya zuciyar abokin karawa, kamar yadda Muhammad Ali ya yi wa Sonny Liston a 1964.