Kawu, ga yadda zancen karnukan yake

Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Saƙonku ya iso, na saurare shi har ƙarshe, har wurin da kuka ja numfashi kuka ce "to, Allah ya kyauta". Tambaya biyu na ji a ciki. Ta fari, ko da gaske ne jikarku tana zuwa gidan karnuka duk Asabar. Ta biyu, wadda ta fi nauyi, ko mu da muka daɗe a Faransa mun koma kwana da kare a ɗaki. Na ga gara in rubuta, don na san daga unguwar Birni zuwa Garin Malam, can Zinder, ba ku kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Ta biyun ta fi saurin amsuwa: a'a. Gidajen ƴan Nijar da nake shiga a nan Marsay, na Damagarawa da na mutanen Maraɗi da Tawa, babu kare a cikinsu. Gidajen bene ne matsattsu, inda aka ci tuwo nan ake shimfiɗa darduma, kuma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ba mu baro shi a tashar mota ba. Abin da muka bari shi ne gudun kare. Ba yadda za a yi mutum ya zauna garin nan yana tsallaka titi duk lokacin da ya hangi tsohuwa da igiya a hannu. Maƙwabcinka na da shi, ka same shi a bakin ƙofa, ka same shi a matakala. Baƙo sabon zuwa daga tafiyarsa ake gane shi, yana maƙalewa jikin bango. Wanda ya zauna kuwa wucewa yake yi abinsa, ba ya shafa, ba ya zabura.

A masallaci ma zancen yana tashi. Marsay cike take da mutanen Komoro, su kuwa Shafi'awa ne, kare ya taɓa rigarsu da danshi sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Mu da muka taso kan mazhabar Imamu Malik, ku kuka karantar da mu cewa duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki bin umarni ne, ba don najasa ba. Ajiye shi kuma an yarda don kiwo da gona da farauta. Saboda haka a cikin jama'armu akwai masu tsanani, akwai masu sauƙi, amma iyakar da kusan kowa ya tsaya a kai ɗaya ce: ba ya shigo mana ɗaki, ba ma kuma cutar da shi. Jikarku in ta dawo, kayan aikinta a jaka suke tsayawa bakin ƙofa, uwarta ba ta yarda su haɗu da sauran wanki ba, ita kuma sai ta yi wanka kafin ta zauna cikinmu. Wannan sharaɗin uwarta ne, ni ban sa baki ba.

Yanzu gidan karnukan. A nan kare ba ya yawo ba mai shi. Doka ta ce kowane kare a yi masa lamba, yawanci wata ƴar na'ura ce da likitan dabbobi ke cusawa da allura ƙarƙashin fatar wuya. In an tsinci kare a titi, ma'aikatan gari su kai shi wurin tsaro, a duba lambar, a nemi mai shi. Kwana 8 na aiki in suka cika ba wanda ya zo, sai a miƙa shi ga ƙungiyoyin da ke riƙon dabbobi har a samu mai ɗauka. Babbar cikinsu, SPA, tun 1845 aka kafa ta. A 2015 dokar ƙasa ta rubuta cewa dabba rai ce mai jin zafi da daɗi, a 2021 kuma aka ƙara hukuncin wanda ya yar da dabbarsa ya kai ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45,000, sama da miliyan 29 na sefa ke nan. Duk da haka suna yarwa. Da hutun Yuli da Agusta ya matso, gidajen nan cika suke yi, don wani ya ga kare zai hana shi tafiya bakin teku. Kada ku ɗauka duk Bature mai tausayin dabba ne. Da haka ne, da jikarku ba ta samu aikin yi ba.

Inda take zuwa ƙaramar ƙungiya ce a bayan gari, ƴan sa-kai ne ke riƙe da ita. Ita ɓangaren matsorata aka ba ta, karnukan da in mutum ya doso keji sai su dunƙule a lungu, wani har ya saki fitsari. Wasu duka suka sha. Wasu kuwa ba wanda ya taɓa dukansu, rashin sabo ne kawai. Ɗan kwikwiyo daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ne yake koyon abin da ba abin tsoro ba ne a duniya. Wanda ya yi wannan lokaci kulle a garka ko a keji bayan gida, bai ga yara ba, bai ji mota ba, to ya girma komai dodo ne gare shi. Irin waɗannan sun fi wanda aka daka wuyar gyara.

Abin da aka fara koya mata shi ne karanta jikin kare, don kare ba ya cizo sai ya yi magana an ƙi ji. Zai kau da kai. Zai lashi hanci, ya yi hamma ba barci yake ji ba. Kunnuwa su kwanta, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ya dube ka ta gefe har farin idonsa ya fito. In aka ci gaba da matsowa sai ya sandare cik, kuma wannan sandarewar ita ce mutane ke ɗauka ya yarda, alhali tura ce ta kusa kai bango. Daga nan gurnani, daga gurnani sai haƙori. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne an hana su tsawata wa kare don ya yi gurnani. Hujjarsu, in ka dake shi ya daina gurnani, tsoron yana nan inda yake, gargaɗin kawai ka kashe, gobe sai ya kama hannu ba sallama. Na juya maganar nan a raina na ga ba ta da makusa.

Na je na ga yadda take yi da wani kare na farauta, fari mai dabbare-dabbaren ja, da aka tsinta a daji haƙarƙarinsa duk a waje. Ba ya cin abinci sai dare ya raba, in ba kowa. Ta shiga farfajiyar kejin ba ta ce masa uffan ba. Ta zauna ƙasa nesa da shi, ta ba shi gefe, ba ta fuskance shi ba, idonta kan littafin makarantarta. Can sai ta ɗauki ɗan yankin kaza ta jefa, ba gabanta ba, can bayansa. Na tambaye ta daga baya me ya sa ba ta ajiye kusa da ita ya zo ya ɗauka ba. Ta ce, "Baba, in yunwa ta jawo shi kusa da ni alhali yana tsoro, da ya haɗiye naman sai ya ga kansa a inda bai shirya zuwa ba, nan ne ake cizo. In na jefa bayansa, ya ci, ya samu sarari, in ya dawo shi ya ga dama." Haka ta yi ta yi, Asabar bayan Asabar, sauran ranaku wasu na yin irin nata. Ranar da ya fara shinshinar takalminta ba ta ɗaga hannu ba. Da lokacin taɓawa ya yi ma, ba a kai ba, don hannun da ya sauko daga sama shi ne hannun da ya san yana duka. A ƙirji ta shafa, ɗan kaɗan, ta janye, ta jira ta ga ko zai matso ko zai ja baya.

Ni ma sun sa ni aiki, ku yi dariya in kun so. Karen nan ya saba da mata, amma namiji dogo mai hula in ya gani sai karkarwa. Shugabar wurin ta ga na zo da doguwar riga da hula ta ce ai ga wanda suke nema. Aka tsayar da ni can ƙarshen fili, nesa yadda zai gan ni amma bai firgita ba. Duk lokacin da ya ɗaga kai ya dube ni, jikarku ta ba shi nama. In na ɓuya bayan mota, nama ya tsaya. In na fito, nama ya dawo. Ma'aunin shi ne cin: muddin yana karɓa, nisan ya yi daidai, in ya ƙi ci to na matso da yawa, sai in koma baya. A hankali ganin mai hula ya zama masa albishir. Ku da kuka san dawakin fada kun riga ni sanin wannan. Dokin da ke tsayawa cikin ƙarar bindiga da kakaki ranar hawan salla ba haka aka haife shi ba, daga nesa aka fara jiyar da shi, ana shafa wuyansa, har abin ya zame masa ba komai. Wanda aka jefa tsakiyar taro rana ɗaya kuwa, ko ya kayar da mahayi ko ya lalace.

Sauran dabarun na kiyaye tsautsayi ne. Matsoracin kare gwanin zamewa ne, don haka igiya biyu ake sa masa, ɗaya a wuya, ɗaya a ɗamarar da ta zagaye ƙirji da ciki. In ya kuɓuce ba a bin sa da gudu, ƙara masa nisa ake yi. Takunkumi ma koya masa ake, a sa abinci a ciki ya riƙa cusa baki da kansa kafin ranar da za a ɗaure. Wanda tsoronsa ya wuce misali likita na ba shi maganin kwantar da hankali. Ba duka ke warkewa ba. Kare in ya ciji mutum a nan, sai an kai shi wurin likitan dabbobi sau 3 cikin kwana 15, a kuma auna halinsa a ba shi mataki daga 1 zuwa 4, na 4 ɗin yana iya ƙarewa da allurar mutuwa. Wanda ya gyaru kuma ba a miƙa shi ga duk wanda ya zo. Tun Oktoba 2022 mai son ɗauka sai ya sa hannu a takardar alkawari, ya jira kwana 7, ko zuciyarsa za ta sauya.

Akwai abin da ban yarda da su ba, kuma ina faɗa musu. Mutum ya sa wa kare riga, ya kwana da shi gado ɗaya, yana kiransa ɗana, alhali uwarsa na gidan tsofaffi ba mai leƙa ta sai an yi biki. Kuɗin da ake kashewa kan haƙoran kare ɗaya zai sayi ruwan gida guda a Zinder har rani ya fita. Wannan yana ci mini rai. Amma ban ga yadda zai zama hujjar hana yarinya zama kusa da dabbar da aka zalunta ba. Ku kuka biya mana hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Ita likitancin dabbobi take son karantawa, kuma wanda ya iya da kare mai tsoro zai iya da sa da raƙumi. Wani abin da zai ba ku dariya: karen Buzaye na Azawak, siririn nan mai dogayen ƙafafu da ke bin garke, tun shekarun 1970 aka shigo da shi Turai, yanzu da tsada ake sayensa, ana yabonsa cewa ba ya sakin jiki da baƙo.

Abin da nake so ya isa gida daga duk wannan shi ne zancen yara. Karnukan da ke kwana wajen mahauta da bayan kasuwar Dole yawancinsu matsorata ne, don tun suna kwikwiyo jifa suka sani. Ku lura, mutum ya sunkuya kawai kamar zai ɗauki dutse sai su watse. Irin wannan kare ba ya neman kowa da faɗa, amma in almajirai suka rutsa shi a lungu, ko aka dosi karya mai shayarwa, ko aka taɓa shi yana ci, zai kama. A gaya musu in kare ya taso, kada su ruga, kada su yi ihu, kada su zuba masa ido. Su tsaya cik, hannu a jiki, su ba shi gefe, in ya lafa su ja da baya sannu.

Bambancin da ke tsakaninmu da ku shi ne ciwon haukan kare. Faransa tun 2001 aka tabbatar ta rabu da shi a dabbobin da ke tafiya a ƙasa, shi ya sa hankalina ke kwance in jikarku ta shiga keji. A gida yana nan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, da yawansu yara. Kare mai wannan ciwo ba ya bin ƙa'idar da na lissafa, yana iya kama mutum ba gargaɗi, wani kuma ya yi laushi yana dalalar da yawu. Duk wanda kare ya ciza ko ya yaga, ko da ƙaramin rauni ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a kai shi likita ranar don allurar rigakafi. Kada a jira a ga ko zai kumbura, kada a tsaya kan rubutu da tofi kaɗai, don in alamun ciwon suka bayyana magani ya ƙare. Na san ruwan minti 15 ba ƙaramin abu ba ne a Garin Malam cikin watan Afrilu, amma ko na sha ne a zuba.

Ku gaida Inna da su Yaya da duk mutanen gida. Kuɗin maganin ƙafarku zan turo ƙarshen wata ta hannun da aka saba.