Takardar Bishop na Liverpool tana fitar da biza?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni uwa ce daga Wusasa, 'yar Angilikan. Ɗana ya haɗu da wani a Facebook, ya ce shi na hannun daman Bishop na Liverpool ne. Wai bishop zai sa hannu a takardar gayyata, a ba yaron aiki a babbar majami'ar garin, biza ta biyo baya. Ya turo hoton takarda mai hatimi, yana neman kuɗin rajista. Har mun sa gona a kasuwa, amma hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Mama, a janye gonar nan daga kasuwa yau, kada a tura masa ko sisi.

Mutumin bai ma san gidan da yake ƙarya da sunansa ba. Kujerar bishop tana cikin babbar majami'a, amma ba shi ke tafiyar da ita ba. Din, wato limamin da ke shugabantar babbar majami'ar, shi da majalisarsa ke riƙe da ginin, da kuɗinsa, da ɗaukar ma'aikata.  Aikin bishop yana kan dayosis, wato majami'un yankin baki ɗaya.

Abin da ya ishe ni shi ne wannan zato da nake cin karo da shi kullum, wai takardar bishop tana buɗe ƙofar Ingila. Na san inda ya samo asali. Mun saba a gida babban mutum ya rubuta layi biyu, magana ta ƙare. Sai kuma mutane suka ji cewa Sarkin Ingila ne ke kan Cocin Ingila, da sunansa ake naɗa bishop-bishop, 26 daga cikinsu ma suna zama a Majalisar Dattawan Birtaniya, suka ɗauka coci ofishin gwamnati ce. Biza a hannun Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya take, babu bishop ɗin da ke da ikon ba da ita. Majami'ar da za ta ɗauko ma'aikaci daga waje sai tana da lasisi daga wannan ma'aikata, sunayen masu lasisin kuma suna nan a shafin gwamnati na intanet, kowa na iya dubawa. Shaidar ɗaukar nauyin da mai lasisi ke ba ma'aikaci don neman biza ma lamba ce da ake fitarwa ta kwamfuta, ba takarda mai hatimi da zane-zane ba. Ko rabaran da aka naɗa a Najeriya, kafin ya yi hidima a Cocin Ingila sai ya sami izinin Babban Bishop na Canterbury ko na York, bisa dokar 1967. To ina ga yaron da ba a taɓa yi wa tambayoyin ɗaukar aiki ba?

Ko ya turo hoton majami'ar, kada ya ruɗe ku. Ginin abin kallo ne, an aza harsashinsa a 1904, ba a gama ba sai 1978, babu majami'ar da ta kai shi girma a Birtaniya. Shiga kyauta ne, kowane ɗan damfara yana iya tsayawa ya ɗauki hoto.

Asarar kuma ba ta tsaya a gona ba. In yaron ya miƙa takardar jabu a neman biza, shi za a kama da yaudara, ana iya hana shi shiga har shekara 10, mai hatimin kuwa ya riga ya canza lambar waya. Mu ma muna da laifi, da an ambaci coci sai mu ji kunyar tambaya, kamar bincike rashin bangaskiya ne.

Ki ce ya ba ku cikakken sunansa, a duba rajistar limaman da Cocin Ingila ke wallafawa a intanet. Sannan ki kai hoton takardar ofishin bishop ɗinku na Wusasa, a rubuta wa ofishin dayosis ta Liverpool ta adireshin da ke shafinsu, ba wanda mutumin ya bayar ba.