Waya ba ta san roba ba

Ka ce ka gani a waya, wai mutanen tsibirai suna haska roba da kamara, manhaja ta faɗa masu irinta, kana tambaya ko mu ma mu ɗauko ta nan wurinmu na sayen tsohuwar roba. To ajiye wayar tukuna, ina magana kana latse-latse.

Abin da ka gani gaskiya ne, amma ka san dalilinsu. Indonesiya kaɗai tana da tsibirai sama da 17,000, kuma yawancin ƙananan ba su da injin narka roba. Duk abin da aka tsinta a bakin teku sai an ɗora shi a jirgin ruwa, kuɗin jirgi kuma ba ruwansa da mai kyau ko maras kyau. Dole su tace kafin su loda. Wani wurin ma jirgi maras matuƙi suke tashi ya ɗauki hoton gaɓar, kwamfuta ta ƙirga tarkacen, su san inda igiyar ruwa take tara shi. Akwai tsibirin Henderson a tekun Pasifik, babu mutum ko ɗaya a cikinsa, amma a 2017 masu bincike sun ƙiyasta tarkace kusan miliyan 38 a gaɓarsa, kusan duk roba. Wa zai ƙirga wannan da hannu? A nan kamara ta yi rana.

Amma kamarar waya siffa take gani da launi. Ta ga gorar ruwa ta ce lamba 1 ce, ta ga jarka ta ce lamba 2, wato lambar irin roba da ake rubutawa a gindinta. Wannan ai almajirin da ke kawo mana kaya daga bola ya sani, ba zan tsaya koya maka ba. Niƙa robar ta zama ɓarɓashi, sannan ka haska mata ka ji abin da za ta ce.

Nan aka cuce ni. Wani mutum ya zo min da kaya niƙaƙƙe, fari tas, wankakke, ya ce duk gorar ruwa ce. Wani dattijo da nake jin kunyarsa ne ya haɗa mu. Mutumin ya zauna a kan wannan bencin da kake kai, muka yi la'asar tare, har yana jan carbi yana ce min shi ba riba yake nema ba, zumunci yake nema. Na zuba a ruwa, kaya ya nitse kamar yadda robar gorar ruwa take yi. Abin da maƙetacin ya sani shi ne lamba 3, irin robar bututun famfo, akwai mai garai-garai, kuma ita ma nitsewa take yi. Ya cakuɗa ta a tsakiyar buhunan, ya rufe sama da mai kyau. Muka haɗa da nawa kayan da yara suka daɗe suna wankewa, muka cika mota sai Kano.

A kamfanin da ke Sharaɗa suka ɗibi kaɗan suka gasa. Ina tsaye aka fito da faranti, ga ɗigo-ɗigon baƙi ko'ina a ciki. Gorar ruwa ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250, ita kuwa waccan kafin nan ta ƙone, ta saki hayaƙi mai cin ƙarfen inji. Kaɗan ce ke ɓata tan guda. Suka ce in kwashe kayana duka, har da nawa mai tsabta, don ba mai iya raba su kuma. Na biya mota zuwa, na biya dawowa, na sayar da kayan a wulaƙance ga masu yin abin da ba na so in faɗa. Da na je wurin dattijon sai ya ce in yi haƙuri, kasuwa ce. Kasuwa! Mutumin yana nan cikin Katsina, ranar Juma'a na hango shi wajen Ƙofar Ƙwaya cikin sabuwar mota. Ban yafe ba.

Manyan kamfanonin Turai da suke raba roba iri-iri da na'ura, ba kamarar waya ba ce, wani haske ne da ido ba ya gani suke harba wa robar. Shi ma in ya haɗu da baƙar roba makancewa yake yi. Kuma robar da ta sha rana da gishirin teku, ko wace lamba aka rubuta a gindinta, ta riga ta mutu, lanƙwasa ta ka ji ta karye.

Ku yaran yanzu so kuke waya ta yi maku aikin hanci da yatsa. In kana son manhajar, sa ta, ka riƙa ɗaukar hoton kayan kowa a kan sikeli, ko don gardamar kilo. Amma niƙaƙƙen kaya daga hannun wani, ko limamin unguwarku ne ya kawo, sai ka zura hannu har ƙasan buhu ka ɗebo ka gasa. Tashi ka cire marafan gorunan can, na ga ka bar su a jiki tun safe.