Hukuncin Neman Sauyi Ba Tare da Ɗaukar Makami Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne, ina karanta tarihin Mahatma Gandhi da Martin Luther King, hanyarsu ta yaƙar zalunci ba da makami ba ta burge ni. Sai wani abokina ya ce wannan aƙidar Hindu ce da ta Kirista, kuma ragwantaka ce, bai kamata Musulmi ya bi ta ba. Mene ne hukuncinta a Shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ɗana, abu biyu ne a tambayarka, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba ne. Akwai mai ƙudurce cewa amfani da ƙarfi haramun ne a kowane hali, ko da ɗan fashi ya shigo maka gida, ko da abokan gaba sun mamaye ƙasa. Wannan ƙuduri Musulmi ba zai riƙe shi ba. Allah ya yi izinin yaƙi ga waɗanda aka zalunta aka fitar daga gidajensu, a Suratul Hajji aya ta 39 da ta 40, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Abin da Allah ya halatta babu mai haramta shi. A nan abokinka yana da gaskiya.

Amma zaɓar hanyar lumana don kawar da zalunci, wato faɗin gaskiya a fili, da ƙaurace wa azzalumi, da ƙin ba shi haɗin kai, da jure cutarsa ba tare da ramuwa ba, wannan ba aro muka yi ba. Shekara 13 Annabi (SAW) ya yi a Makka ana azabtar da sahabbansa, umarnin da suke kai shi ne wanda Suratun Nisa'i aya ta 77 ta tunatar: ku kame hannayenku, ku tsai da salla. Wa zai kira Hamza ko Umar rago? Kuma ba shiru suka yi ba, Bilal ana ɗora masa dutse yana cewa "Ahad, Ahad". Tun kafin su, ɗan Annabi Adamu ya ce wa ɗan'uwansa: idan ka miƙo hannunka don ka kashe ni, ni ba zan miƙa nawa don in kashe ka ba. Annabi (SAW) kuwa ya hori wanda fitina ta riska da ya zama kamar mafi alherin 'ya'yan Adamu biyun nan.

Hadisin da ya fi kusa da abin da kake tambaya yana cikin Abu Dawuda, kuma mutane ba su cika kawo shi ba. Wani mutum ya kai ƙarar maƙwabcinsa mai cutar da shi, aka ce ya yi haƙuri. Da ya sake dawowa, sai Annabi (SAW) ya ce ya je ya fitar da kayansa ya zube a kan hanya. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tambaya, ya ba shi labari, sai ya la'anci maƙwabcin, har maƙwabcin ya zo da kansa yana roƙonsa ya koma gida, ba zai ƙara ba. Ka lura da abin da ya faru. Ba a doki kowa ba, ba a kuma ce wa wanda aka zalunta ya haɗiye ba. An fito da zaluncin inda idon jama'a zai gan shi, kunya ta yi aikin da sanda ba za ta yi ba. Ƙauracewa ma tana da asali: Sumama ɗan Usal da ya musulunta ya hana ƙwayar alkama ko ɗaya ta bar Yamama zuwa Makka, an kuma daina yi wa Ka'abu ɗan Malik magana dare 50 saboda bai fita yaƙin Tabuka ba.

Idan kuwa zaluncin daga mai mulki ne, hanyar lumana ba halas kawai ba ce, ita ce ake so. Annabi (SAW) ya kira kalmar gaskiya a gaban shugaba azzalumi mafificin jihadi, ya kuma hana zare takobi a kan shugabanni Musulmi matuƙar ba a ga kafirci ƙarara ba. Tsakanin waɗannan nassoshi biyu, abin da ya rage wa talaka shi ne tsayuwa da gaskiya hannu a kame. Haka limamai suka yi. An yi wa Imam Malik bulala a Madina saboda fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, bai janye ba. An ɗaure Imam Ahmad an doke shi a zamanin Halifa Mu'utasim, ya ƙi faɗin abin da ake so ya faɗa, wato cewa Alƙur'ani halitta ne, kuma da malaman Bagadaza suka zo masa da maganar tawaye a zamanin Halifa Wasiƙ, ya hana su don gudun zubar jini. Ibnul Ƙayyim ya ba da ma'auni: hana mummuna idan zai haifar da wanda ya fi shi muni, haramun ne. Makami a hannun jama'ar gari kusan kullum gyaran gangar Auzinawa yake zama.

Batun cewa Gandhi Hindu ne ba hujja ba ce. Dabara ba ta haramta don wanda ya riga amfani da ita, ramin Handak ma shawarar Salmanul Farisi ce daga dabarun Farisa. Sannan abokin naka ya san Abdul Gaffar Khan? Musulmi ne Bafashtune, daga al'ummar da ta shahara da bindiga da ɗaukar fansa. A 1929 ya kafa rundunar Khudai Khidmatgar, bayin Allah masu hidima, dubban mutane suka yi rantsuwar ba za su rama ba. Ranar 23 ga Afrilu 1930 sojojin Ingila suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar, a ƙasar Pakistan ta yanzu, mutanen suka tsaya ba makami. Abdul Gaffar Khan da kansa daga haƙurin Annabi (SAW) a Makka ya kafa hujja. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal ma Faransawa sun kai shi Gabon a 1895, bai ɗaga takobi ba, bai kuma sunkuya ba.

Game da fita tituna zanga-zanga, malaman zamani sun saɓa. Shaihu Ibn Baz da Shaihu Usaimin sun hana, suna duban ɓarnar da ke biyo baya da kuma fifita nasiha a asirce. Shaihu Yusuf Ƙardawi ya halatta, domin hanya ce ta al'ada, asalin al'ada kuwa halacci ne. Na fi karkata ga na biyun inda dokar ƙasa ta ba da dama, amma tsoron na farkon ba na banza ba ne, shi ya sa halaccin yake da sharaɗi: abin da ake nema ya zama haƙƙi, kada a taɓa rai ko dukiyar kowa, kada a tare wa mara lafiya hanyar asibiti, kuma a sami jagorancin da zai iya cewa a tsaya a tsaya. Gandhi kansa ya dakatar da gangaminsa a 1922 da magoya bayansa suka ƙone ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura suka kashe 22. Wanda ya san ɓata-gari za su ƙwace taron, ba shi kuma da ikon hana su, bai halatta ya kira shi ba. Sau da yawa ma ƙauracewa ta fi tattaki aminci: baƙaƙen fatan Montgomery a Amurka kwana 381 suka yi ba su hau motocin bas ba, har kotu ta soke wariyar launin fata da ake yi musu a cikinsu.

Abu biyu daga cikin hanyoyin nan ne zan ja maka kunne a kansu. Cinna wa kai wuta kisan kai ne, komai girman zaluncin. Yajin cin abinci kuma ya halatta ga wanda aka tsare bisa zalunci matuƙar bai kai ga halaka ko lalata wata gaɓa ba. Idan likita ya ce an kai wannan iyaka, wajibi ne ya ci, domin rai amana ce, ba mallakinsa ba.

Wallahu a'alam.