Amsa ga mai tambaya kan tseren mota a titin Sakkwato da ke Zariya

Malam, ka ce in dare ya yi, titi ya yi shiru daga Kwangila zuwa Samaru, kuma yaran gwanaye ne a sitiyari, mene ne laifin su ɗan yi tsere tunda a Turai ma wasa ne. Ni bakanike ne a Sabon Gari, irin motocin nan wajenmu ake jawo su washegari, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Titin nan ba ya zama wayam. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare akwai ɗan acaɓa da fitilarsa ta mutu, akwai almajiri mai tsallakawa da kwano, akwai ɗalibi da ya fito daga karatu zai sha shayi, ga tirela da aka ajiye a gefe ba ko ganye a bayanta. Hanyar Shika ce fa, masu kai mara lafiya asibitin koyarwa ita suke bi, su kuma ba su da lokaci. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi shawara da shi kafin a fara wasan.

Batun gwaninta kuwa, mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani ƙafa ta kai kan birki, wannan tazarar ta tafi. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa, gwani da ɗan koyo duk ɗaya. Shi ya sa dokar hanya ta ce 50 a cikin gari. Hukumar lafiya ta duniya ma ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkuwa sau huɗu da rabi in gudun motar da ta buge shi ya tashi daga 50 zuwa 65.

Sannan su kansu motocin. Wallahi yawanci tayoyin gwanjo ne a ƙafarsu. Duba gefen taya, akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, za ka tarar da wadda ta haura shekara goma, roba ta bushe ta tsattsage. Man birki ba a taɓa canzawa ba, sai dai a ƙara. Yaro zai kashe kuɗi a cire salansa don a ji ƙararsa tun daga unguwar PZ, amma ka ce ya sayi sabuwar taya sai ya ce sai wani watan. Motar ma sau da yawa ta Alhaji ce, an sato makulli yana barci.

Mu Zazzagawa ba baƙin gudu ba ne. Ranar hawan Sallah ana sukuwa a ƙofar fada, amma sai dogarai sun buɗe fili, kowa ya san inda zai tsaya. Na Turai da ka ambata haka yake: fili a killace, hular kwano, bel, motar asibiti a gefe, an duba kowace mota kafin ta shiga. Wanda ya yi a titin jama'a can ma kama shi ake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan an yi ɓarna. Manya su je ta'aziyya, iyayen mamaci su ce ƙaddara ce sun yafe, a gyara bodi a fesa fenti, bikin abokinsa na gaba ka gan shi yana juyi da mota a gaban 'yan kai amarya. Alhali ko kisan kuskure ne, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara, yafe diyya kuma ba ya sauke azumin wata biyu a jere. Ka tambayi malamai ina matsayin wanda ya taka totur da gangan a cikin mutane.

In da gaske wasan suke so, su haɗa ƙungiya, su nemi fili da izinin hukuma, su gayyato jami'an kiyaye haɗurra. Ni zan duba musu birki kyauta. Kafin nan, duk yaron da ya kawo mini mota a cire salansa, lambar mahaifinsa nake fara tambaya.