Na ɗora hotunan ɗalibaina a Facebook, wani uba ya kawo ƙara: na taka doka ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta, ina riƙe da aji huɗu. Ranar rabon kyaututtuka na ƙarshen zango na ɗauki yarana hoto, na ɗora a shafina na Facebook da sitatus ɗina na WhatsApp, har na rubuta sunayen waɗanda suka zo na ɗaya zuwa na uku. Washegari mahaifin wata yarinya ya zo wurin hedimasta ransa a ɓace, yana tambayar wa ya ba ni izini. Wallahi murna ce ta sa na yi, kuma kowa yana yi. Shin da gaske akwai doka a kan haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ban yi shakkar niyyarki ba ko kaɗan. Malamar da ba ta damu da yaranta ba, ba za ta yi alfahari da su ba. Amma mahaifin nan yana da gaskiya, kuma doka tana bayansa.

A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC, wato hukumar da ke kula da kare bayanan jama'a a ƙasar. A idon wannan doka, duk abin da za a iya gane mutum da shi bayaninsa ne: fuskarsa, sunansa, makinsa na jarrabawa. Sashe na 31 ya ce idan izini ake bukata kuma mai bayanin yaro ne, to wurin uba ko uwa ko mai riƙonsa za a nema. Yaro kuwa shi ne wanda bai cika shekara 18 ba, kamar yadda Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta fayyace, kuma sashe na 8 na ita Dokar Haƙƙin Yaran ya ba shi haƙƙin sirrinsa. Saboda haka, ko da yarinyar ce da kanta ta ce "Anti, a ɗauke ni," wannan ba izini ba ne.

Inda malamai da yawa suke ruɗewa shi ne nan. Suna ganin tunda uba ya kawo 'yarsa makaranta, ya cike fom, ya ba da fasfo, ai shi ke nan. A'a. Fasfon nan don rajista da katin shaida ya bayar. Izinin da aka bayar don abu ɗaya ba ya zama izinin komai, kuma Dokar Kare Bayanan ta faɗa ƙarara cewa shirun mutum ba yarda ba ce. Ko da ma makarantar ta karɓi izinin sa hotuna a shafinta, wannan bai shafi naki shafin ba. Aiki ne ya haɗa ki da yaran nan, amana aka ba ki daga ƙarfe takwas zuwa tashi. Shafinki kuwa naki ne, da ƙawayenki da danginki da mutanen da ke kanki ba ki taɓa ganinsu ba.

Ki sake duba hoton da idon uban. Ga fuskar yarinya, ga cikakken sunanta, ga yunifom da bajon makaranta a ƙirji. Wanda bai san ta ba yanzu ya san sunan da zai kira ta da shi a bakin get, ya san inda take kowace safiya. A wannan hali na satar yara da muke ciki a Arewa, uban da ya ji tsoro bai yi rashin hankali ba. Akwai kuma abin da ba za ki sani ba: wataƙila iyayen sun rabu ana rigimar riƙo, wataƙila gidan ba sa son a ga 'ya'yansu mata a waje. Ba dole ne ya gaya miki dalilinsa ba. Sitatus kuma, kar awa 24 ɗinsa ya ruɗe ki. Daƙiƙa ɗaya ta ishi mutum ya kwafe hoton, daga nan ya fi ƙarfinki.

Naki ma mai sauƙi ne. Abin da ke ci min rai shi ne bidiyon da wasu malamai ke yi wa yaron da ya kasa karanta jimla, ko yana kuka, ko ana masa bulala, ko an nuna yagaggen wandonsa wai ana nema masa taimako. Mutane su yi dariya su wuce, shi kuwa ya girma ya tarar da abin yana yawo. Irin wannan, ko uba ya yarda ban ga dacewarsa ba, domin yaro ma yana da kunyarsa.

Batun hukunci, nauyin ya fi hawa kan makaranta, don ita ce mai riƙe da bayanan ɗalibai. Uba yana iya kai ƙorafi ga NDPC, kuma tarar ƙananan cibiyoyi tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ke kuma makarantar na iya ladabtar da ke. Amma irin wannan magana, in aka yi saurin gyara, a ofishin hedimasta take ƙarewa.

Yau ɗin nan ki goge hotunan gaba ɗaya, ba na yarinyar kaɗai ba, ki roƙi duk wanda kika san ya yaɗa ya cire. Ki je tare da hedimasta ki ba mahaifin haƙuri, kada ki ce masa kowa yana yi. Sannan ki ba da shawarar a fitar da takarda a farkon zango, da Hausa, wadda iyaye za su zaɓa: a sa hoton ɗana a allon makaranta, a zauren iyaye na WhatsApp, a shafin makaranta, ko kada a sa ko'ina. A rubuta musu cewa suna iya janye yardarsu duk ranar da suka so, doka ta ba su wannan. In kina son nuna aikinki, ki ɗauki allo, ko zanen yaran ba tare da suna ba, ko hannuwansu suna rubutu. Hoton wadda ta zo ta ɗaya kuma, ki tura wa mahaifiyarta ita kaɗai.