Ɗanyen hoto da matsattsen hoto: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon kusan duk daga masu ɗaukar hoto suka fito, kuma a kan abu ɗaya suke kewaye: nau'in fayil biyun nan da kyamara ke ba mutum zaɓi a kansu, RAW da JPEG, da yadda ya kamata a kira su da Hausa.

Tambaya: Malam, ni mai hoto ne. Ina jin wasu abokan sana'a na cewa "ɗanyen hoto" idan suna nufin RAW. Ni kuwa kunnena ya ƙi karɓa, don na san ɗanyen aiki da ɗanyen hukunci duk abin ƙi ne. Anya fassarar ta yi?

Amsa: Ta yi, ɗan'uwa, har ta fi yadda masu faɗinta suka sani. Ka ɗauko reshe ne ka bar gindi. Asalin "ɗanye" shi ne abin da bai riga ya bi ta matakin da zai kammala shi ba, kuma daga kishiyoyinsa za ka gane haka. Kishiyar ɗanyen icce busasshe, kishiyar ɗanyar fata jemammiya, kishiyar ɗanyen mai tatacce. Babu zargi a ko ɗaya. Idan aka ce wa matashi ɗanyen jini, ƙarfinsa ake nufi da sauran tafiyar da ke gabansa. Zargin da ke cikin "ɗanyen aiki" daga baya ya shigo, kuma ba ɗanyantakar ake zargi ba, fitar da abin ake zargi tun bai nuna ba.

To, dubi abin da ke faruwa a cikin kyamara. Allon da ke karɓar haske, wanda kuke kira sensa, ba ya ganin launi. Yawan haske kawai yake aunawa. Shi ya sa aka lulluɓe shi da wani siririn mayafi mai gida-gida, kowane ɗigo da launinsa guda: rabin ɗigogin kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Bryce Bayer na kamfanin Kodak a Amurka ne ya fito da wannan tsari, aka yi masa rajista a 1976, kuma har yau da shi akasarin kyamarori ke aiki. Kowane ɗigo launi ɗaya ya sani, sauran biyun sai an kimanta su daga maƙwabtansa. Fayil ɗin RAW shi ne waɗannan awon tun kafin a yi wannan lissafi, kafin a tsayar da launi, kafin a ƙara kaifi. A gaskiya bai ma zama hoto ba tukuna. Abin da kake gani a bayan kyamararka bayan ka latsa, wani ɗan JPEG ne da ta ƙulla ta saka a cikin fayil ɗin don ka samu abin dubawa. Wace kalma ce za ta fi "ɗanye" dacewa da wannan?

Wani abu kuma: manyan baƙaƙen da ake rubuta RAW da su suna sa mutane zaton taƙaitaccen suna ne. Ba haka ba ne, kalma ce ta Turanci mai ma'anar ɗanye. JPEG ne taƙaitaccen suna, na kwamitin masanan da suka tsara shi, aka fitar da ƙa'idarsa a 1992.

Tambaya: Idan RAW ɗanye ne, ashe JPEG dafaffe ke nan?

Amsa: Za a gane ka, amma "matsattse" ya fi faɗin abin da ya faru da shi. Karanta amsa ta gaba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. An koya mana cewa JPEG "matse" hoto yake yi don ya rage girma. Na kuma ga an ce akwai RAW da aka matse amma bai rasa komai ba. Yaya kalma ɗaya za ta ɗauki abu biyu?

Amsa: Ba za ta ɗauka ba, 'yata, kuma kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Turanci kalma ɗaya yake da ita a nan, sai ya ƙara mata siffa, ya ce mai asara da marar asara. Masu fassararmu suka biyo sawunsa ido rufe, alhali Hausa tana da fi'ili biyu a ajiye. Wanda ya naɗe igiya ya rage mata wurin zama, amma ran da ya warware ta, tsawonta na nan yadda yake. Wanda ya matse jiƙaƙƙen tufafi kuwa, ruwan da ya fita ya fita. Ki lura da wasalin ƙarshe: matsa, matso, matsu, matse. Wannan "-e" ɗin yakan nuna aikin ya kai ƙarshe, an fitar da abin da ke ciki, kamar yadda yake a zube da ƙone da share. Bahaushe ya riga ya saka asarar a cikin kalmar tun kafin a ƙera kyamara. Don haka ni ina cewa naɗaɗɗen fayil ga wanda bai rasa komai ba, irin PNG (wani nau'in fayil ɗin hoto) da irin wancan RAW da kika gani, ina kuma cewa matsattse ga JPEG.

Me yake zubarwa? Masu tsara shi sun yi nazarin idon ɗan Adam, suka ga ya fi kula da bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi. Sai JPEG ya raba haske daban, launi daban, ya rage bayanin launin. Sannan ya yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya watsar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba zai yi kewarsu ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma "kima" ɗin nan ita ta haifi "kimanin" da "kimanta". Dabarar JPEG gaba ɗaya a kan rabin farko na karin maganar ta tsaya: tunda ido ba mudu ba ne, ana iya rage masa awo bai sani ba. Idan aka zarce wajen matsewa, rabi na biyu ya farka, ki ga gidajen nan sun bayyana a gefen rubutu, ki ga sararin sama ya yi layi-layi maimakon ya sulale. Hikima ce babba, kuma ba na son jin ana raina ta.

Tambaya: Mene ne jam'in hoto, kuma me ya sa ba mu ce "foto" ba?

Amsa: Hotuna. "F" ɗinmu yakan koma "h" a gaban "o" da "u", kamar fuɗu da huɗu, futu da hutu.

Tambaya: Malamin da ke koya mini sana'a kullum yana cewa in ɗauka da RAW domin "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi". Ni na san karin maganar ta tarbiyyar yara ce. Ya halatta ya ja ta zuwa nan?

Amsa: Ya halatta, ɗana, kuma ka riƙe malamin nan da kyau. Karin magana ba ta da gida ɗaya. Abin da ake dubawa shi ne ko hoton da ke cikinta ya hau kan lamarin, kuma a nan ya hau daram. JPEG yana ajiye kowane launi a matakai 256, daga baƙi ƙirin zuwa cikakken haske. RAW mai bit 12 (bit shi ne ƙwayar awon bayani a kwamfuta) yana da matakai 4,096, mai bit 14 yana da 16,384. Muddin ba ka taɓa hoton ba, da wuya idonka ya ga bambanci. Ran da ka ɗauki fuska a inuwa, bayanta rana na ƙwallewa, ka zo kana son ɗaga duhun, a ranar za ka san wanne ne ɗanye. RAW zai biyo hannunka. JPEG zai ɗan biyo, daga nan ya fara tsagewa, launuka su ɓaci. Haka idan hasken fitila ya rina farar riga ta koma rawaya: a RAW launin farin bai riga ya tsaya ba, kai za ka tsayar da shi daga baya ba tare da asara ba, a JPEG kuwa kyamara ta riga ta yanke hukunci.

Sai dai ka ji karin maganar da kyau. Cewa aka yi ana tanƙwara shi, ba a ce ɗanyen icce ya fi busasshe kyau ba. Masu cewa "RAW ya fi kyau" suna magana da ganganci. Buɗe shi a manhaja ka gani, sau da yawa a dushe yake, ba kaifi ba armashi, JPEG ɗin da ke gefensa ya fi shi ɗaukar ido. Fifikonsa a tanƙwaruwa yake. Kuma tanƙwaruwar tana da iyaka: inda haske ya cika sensa har ya ƙone, babu abin da aka auna balle a dawo da shi, hoton da hannu ya girgiza kuma ba nau'in fayil ɗin da zai tsayar da shi.

Tambaya: Har yanzu daidai ne a ce "wanke hoto" alhali babu ruwa babu sinadari?

Amsa: Daidai ne, kuma ina roƙon kada a yar da ita. Kalma takan rayu bayan abin da ya haife ta ya wuce. Muna "buga waya" ba mu bugi komai ba, muna "kunna" rediyo babu wuta a hannunmu. A zamanin fim, wanki shi ne matakin da ke fito da surar da ke ɓoye, kuma wannan shi ne ainihin aikin da manhaja ke yi wa RAW a yau. Abin da ke ba ni takaici shi ne jin matasa na cewa za su "yi editin" ga kowane aiki, sun haɗa wanki da gyara da ƙari a kalma ɗaya ta aro, alhali muna da uku.

Tsofaffin masu hoto ma suna da suna ga fim ɗin da aka wanke, wanda fari ke fitowa baƙi a jikinsa, baƙi ya fito fari: dodon hoto. Wanda ya raɗa wannan suna ya iya kallo. Dodon shi ne uwa, daga gare shi ake fitar da kwafi ko nawa, kuma mai hankali ba ya yar da shi. Kamfanin Adobe da ya fito da nasa nau'in RAW a 2004 ya sa masa suna DNG, ma'anarsa dodon hoto na dijital. Dalilinsa shi ne kowane kamfani da nasa: Nikon na da NEF, Canon na da CR2 da CR3, Sony na da ARW, Fujifilm na da RAF, kuma tsohuwar manhaja takan kasa buɗe fayil ɗin sabuwar kyamara. Wanda ya ce wa RAW ɗinsa "dodo" bai yi kuskure ba, gado ya ci.

Tambaya: Abokina ya ce masu JPEG 'yan gaggawa ne, wai sauri ya haifi nawa. Ni kuwa wasanni nake ɗauka. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Da farko, "nawa" ɗin nan jinkiri ne, wadda ke cikin "ya yi nawa", ba ta tambayar adadi ba, ba kuma ta mallaka ba. Na sha jin ana karanta ta da karin sautin tambaya, ma'anar ta watse. Karin maganar tana magana ne a kan saurin da ke jawo a sake aiki. Saurin da aikin kansa ya nema ba ya cikinta. Yi lissafi: sensa mai ɗigo miliyan 24, kowanne bit 14, ya ba ka megabait 42 idan ba a naɗe ba, JPEG ɗinsa kuwa galibi bai kai sulusin haka ba. Kai da ke ɗaukar hotuna a jere kamar ruwan sama, katin ajiyar kyamararka zai cika da wuri, kyamara kuma takan tsaya tana juye kaya daidai lokacin da ƙwallo ke shiga raga. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya shaida wa masu aiko masa da hotuna a 2015 cewa JPEG yake so daga kyamara, ba wanda aka wanko daga RAW ba, kuma sauri na cikin dalilansa. Wanda zai zauna ya wanke hotunansa ɗaya bayan ɗaya, ko yake aiki a haske mai wuyar sha'ani, ko abin da yake ɗauka ba zai maimaitu ba, ya ɗauki ɗanye. Wanda ya san ba zai zauna ba, tara ɗanyun fayiloli dubu a faifai ba ƙwarewa ba ce. Akasarin kyamarori ma suna ajiye duka biyun a latsawa ɗaya, in katinka zai ɗauka.

Tambaya: Gaskiya ne hoto yana "gajiya" idan ana ta tura shi?

Amsa: Kalmar ta burge ni, amma a bambance. Kwafe fayil daga kati zuwa kwamfuta ba ya rage masa komai, ko sau dubu ne. Abin da ke gajiyar da shi shi ne a buɗe JPEG a sake ajiye shi a matsayin JPEG, domin kowace ajiya sabuwar matsa ce. WhatsApp yakan matse abin da aka tura a matsayin hoto. In kana son ya isa yadda yake, tura shi a matsayin fayil.

Tambaya: Malam, wankin RAW ba ha'inci ba ne? Ai JPEG shi ne "orijinal".

Amsa: Ce "na asali", malama. Kuma a'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk JPEG wankakke ne, kyamara ce ta wanke shi bisa zaɓin injiniyoyin da suka ƙera ta. Ha'inci yana farawa ne inda aka cire abin da ke wurin ko aka saka abin da babu. Shi ya sa gasar hotunan jarida ta World Press Photo da ke ƙasar Holan ke neman asalin fayil ɗin da kyamara ta ajiye daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, a gwada shi da hoton da suka shigar.

Tambaya: "Danye" ake rubutawa ko "ɗanye"?

Amsa: Ɗanye, da ƙugiya. Mace ɗanya, jam'i ɗanyu. Wayar da ta iya ɗaukar RAW ta iya rubuta ɗ, sai a shiga saitin allon rubutu a zaɓi Hausa.